Ƙofar da ta San Hannun Mama

A jikin mariƙin ƙofar sabuwar motar akwai wata 'yar lotsawa, ba ta fi ƙwayar magani girma ba. Yaya ta lura da ita tun ranar da Auta ta kawo motar, amma ba ta tambaya ba, kada a ce abin ya burge ta.

Shekara shida Yaya ke kai Mama asibiti duk Laraba a duba mata hawan jini. A tsohuwar motarta suke zuwa, wadda ƙofar gefen Mama ba ta buɗuwa sai an miƙa hannu ta ciki an ja. A hanyar nan Mama ke faɗa mata abin da ba ta faɗa wa kowa. Sai ga Auta ta samu ƙarin girma a wurin aiki, ta sayi sabuwar mota, ta ce daga yanzu ita za ta riƙa kai ta.

"Taɓa kawai, Mama," in ji Auta. "Na gaya mata ke kika haife ni. Ta san hannunki."

Mama ta taɓa, ƙofa ta yi ƙas ta buɗe. Ashe Auta ta riga ta jefa makulli na biyu cikin jakar Mama, irin wanda in yana kusa ƙofar ke buɗe wa duk wanda ya taɓa. Yaya ta gani. Mama ba ta gani ba, kuma mako guda cur ba ta da labarin da ya wuce wannan.

"Taki kuwa," ta ce wa Yaya tana dariya, "sai na tsaya a rana kamar baƙuwa."

Ranar Laraba Yaya ta zo da wuri, wai hanya ce ta biyo da ita. Mama na ɗaki tana neman tabarau, jakarta na kan teburin falo. Yaya ta zuge zif, ta ɗauke makullin, ta dunƙule shi a hannu. So take ƙofar ta ƙi, ko sau ɗaya, Mama ta juyo ta ce, "Ɗauko taki mu tafi."

Suka fito tsakar gida. Auta ta koma ciki neman katin asibiti, nata makullin na tare da ita. Mama ta hango matar maƙwabci a bakin get.

"Zo ki ga ikon Allah, maƙwabciya!"

Yaya ta matso daf da Mama, don ta ga fuskarta da kyau in ƙofar ta ƙi buɗuwa. Mama ta goge tafinta a zani, ta ɗora yatsu a mariƙin.

Ƙas.

"Kin gani?" in ji Mama. "Ko jaka ban riƙo ba, balle ki ce da wani abu a ciki."

Sai a nan Yaya ta tuna da abin da ke hannunta. Gumi ya jiƙe shi.

Auta ta fito da kati da jakar Mama a kafaɗa. Ta dubi ƙofar a buɗe, ta dubi jakar, ta dubi hannun yayarta.

"Yaya, shiga mana," ta ce a hankali. "Akwai wuri a baya."

"Bar ta, tana da aiki," in ji Mama daga kujerar gaba, tana gyara zama. "Ta gaji da ni haka nan. Ke Auta, zo ki kunna mini sanyin nan."

Auta ta zagaya ta shiga. Yaya ta buɗe ƙofar baya, ta ajiye makullin a kan kujera, ta mayar ta rufe ba ƙara. Matar maƙwabci na ta tambayar Mama ko ita ma ta taɓa ta gani. Yaya ta raɓa ta bayansu ta fita get.