Birkin da Ya Ƙi Saki a Yendi

Motata ba sabuwa ba ce, amma da gumin doyata na saye ta, kuma ni nake tuƙa abata. Birkin hannunta ba irin sandar nan ba ce da ake fizga. Ɗan maballi ne kusa da giya, ka ɗaga shi da yatsa, ka ji ɗan ƙugi daga baya, shi ke nan ta kafe. Na yi ta nuna wa matan kasuwar Salaga shi har suka fara kau da kai in sun hango ni.

Da 'yata Mansuratu ta haihu a Bawku, sai na kai motar garejin wana Garuba ya canza mini takalman birkin baya kafin tafiya. Garuba uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Duk wani fita, wato makanike, mai furfura a Salaga ko dai tare suka koya, ko kuma a hannunsa ya koya. Yana da hannu, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Yana kuma da taurin kai, wannan ni na fi kowa sani. Na ce masa, "Yaya, motar nan fa mai kwamfuta ce." Ya ce birki birki ne, in je in ji da doyata.

Ana gobe suna na cika but ɗin motar da doya, na kama hanyar Bimbila. Mota lafiya lau, duk da ramukan hanyar. A Yendi na tsaya sallar azahar kusa da tasha, na ɗaga maballin nan da yatsa ɗaya, har da waiwaye ko wani yana kallo. Da na idar na dawo na danna, sai ta ƙi saki. Jar fitila tana ƙyaftawa, wani abu yana ta kuka a ciki, na taka mai sai motar ta durƙusa ta baya kamar akuyar da aka ɗaure.

Kafin ka ce me, maza sun taru. Wani ya ce a cire batir, wani ya ce a kawo guduma, wani ma tarakta ya ce zai nemo a ja ta. Na ce duk wanda ya taɓa mini mota sai mun kwana a ofishin 'yan sanda. Na ciro waya na kira Razak.

Razak a garejin Garuba ya girma, a gidanmu ya ci tuwo shekara da shekaru. Yana dab da gama koyo ya ce zai tafi Kumasi ya koyi gyaran motocin zamani. Garuba ya ji kamar an ce masa iliminsa ya ƙare, ya ce in ya tafi kada ya dawo. Ya tafi, ba a yaye shi ba. A wurin fitocinmu kuwa, wanda mastansa bai tara mutane ya yaye shi ya sa masa albarka ba, ba a kiransa Masta, ba ya ɗaukar masu koyo, ba ya zama a bencin manya, ko da kuwa jirgin sama yake gyarawa. Ga shi da rumfarsa a Yendi, da mata da 'ya'ya, amma har lokacin "yaron Garuba" ake ce masa. Abin yana cinsa, ni ma yana ci na.

Ya iso a babur, ya durƙusa ya gaishe ni. Ya jona wata 'yar na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ya karanta, sannan ya kwanta ya leƙa bayan taya. Ya daɗe yana kallo, hannunsa a ƙirji.

"Mma Hajiya, wa ya sa takalman nan?"

"Ka fi ni sani."

"Na sani. Hannun Masta ne." Ya tashi ya kakkaɓe wando. "Na ga matsalar, ba babba ba ce kuraa, ko kaɗan. Amma ba zan taɓa ba."

"Ba za ka me ba?"

"Aikin Masta ne, Mma. Ban da izinin buɗe shi. In na gyara a bayan idonsa, gobe duk Yendi za a ce Garuba ya ɓata, yaron da ya kora ya gyara. Ba da hannuna za a yi masa haka ba."

Na zazzage masa duk abin da ke bakina. Na ce jikata za a raɗa wa suna da safe, ni ina nan ina gadin ladabinsa. Ya sunkuyar da kai yana "Haƙuri, Mma," amma ko sifana bai ɗauka ba. A raina kuwa, in faɗi gaskiya, wani daɗi ne ya kama ni. Na ce wannan a gidanmu ya tashi.

Na kira Garuba na gaya masa. Ya ce, "Wa ke wurin?" Na ce Razak. Ya kashe waya. Na sake kira, na ce, "Yaya, saurara. Ya ga abin da ya lalace, ya ƙi taɓawa don kada a yi da kai. Kalma ɗaya yake jira. In ba za ka faɗa ba, ka kira Mansuratu da bakinka ka gaya mata dalilin da uwarta ba ta zo ba." Ya sake kashewa.

Muka zauna. Matar Razak ta kawo mini wake da shinkafa, na ci ina harararsa. Fitocin tasha suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, su ji labari, su nemi inuwa su zauna. Aka yi la'asar. Na fara tunanin bar wa Razak makulli in nemi motar haya, sai ga wani tsohon babur ya shigo tasha, mai shi ya yi ja wur da ƙurar hanya tun daga hula har takalmi. Da ya sauka ƙafarsa ta ƙi miƙewa. Garuba ne, da jakar kayan aikinsa ɗaure a baya.

Razak ya ruga ya durƙusa. Garuba bai dube shi ba, ya ce, "Jak." Razak ya kawo jak. Ya ce, "Cire tayar hagu." Ya cire. Kai ka ce jiya suka rabu. Garuba ya zura hannu bayan birkin yana lalube, idonsa a rufe. A jikin birkin akwai wani ɗan inji mai matse takalman, shi ne mai ƙugin nan. Can sai fuskarsa ta canza.

"Soket ɗin bai zauna ba," ya ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Ni na cire, ni na mayar, ban ji ya yi ƙas ba. Hanya ta girgiza shi. Ya samu wuta ya kama, bai samu ta saki ba."

Ya danna shi ya zauna. Ya ce in taɓa maballi. Na taɓa, muka ji ƙugi, taya ta juya. Mutane suka fara "Masta! Masta!" Amma jar fitilar nan tana nan tana ƙyaftawa. Garuba ya kashe mota ya tayar, tana nan. Ya sake duba waya, ya duba fis, ya cire kan batir ya mayar. Tana nan. Ya tsaya yana kallonta, gumi yana wanke masa ƙurar fuska. Ban taɓa ganin wana ya rasa abin yi a gaban mota ba sai ranar, kuma tausayinsa ya kama ni.

Sai ya juya, karo na farko ya dubi Razak a ido.

"Me take so?"

"Masta, ba ta san an sa mata sabon takalmi ba. Har yanzu da kaurin tsohon take aiki. Sai an gaya mata da na'ura, ta buɗe gaba ɗaya, ta rufe, ta auna da kanta."

"Kafin a cire ma haka ake yi?"

"Haka ne, Masta. Ana sa ta ta ja baya tukuna."

Garuba ya gyaɗa kai a hankali. Ya matsa gefe, ya nuna masa kujerar direba. Razak ya shiga yana danne-danne a na'urarsa. Garuba ya sunkuya ta taga yana bin yatsunsa da ido, yana tambaya, wannan fa, wancan fa. Birkin ya yi dogon ƙugi, ya yi shiru, ya sake yi. Fitilar ta mutu.

Garuba ya miƙe, ya dubi manyan fitocin Yendi da ke zaune a benci, yawancinsu sun san shi tun suna samari.

"Ku shaida," ya ce. "Ni na koya masa riƙe sifana. Yau ya koya mini abin da ban sani ba, kuma bai kunyata ni ba. Juma'a mai zuwa ku zo Salaga, zan yaye shi. Goron ma ni zan saya." Ya dafa kafaɗar Razak. "Masta Razak, mayar da tayar nan, Hajiya tana sauri."

Razak ya durƙusa gaban tayar, ya juya mana baya. Ya daɗe ƙwarai yana ɗaure noti biyar ɗin nan na tayar, kafaɗunsa suna motsi, kuma babu wanda ya ce masa ya yi sauri, har ni.

Ban ƙara minti ɗaya ba bayan ya gama, don Bawku da nisa. A gidan wata ƙawata na kwana a hanya, na yi sammako, na isa ana shimfiɗa tabarmi. Mansuratu ta tare ni da jaririya a hannu tana faɗa, wai ina na tsaya, hankalinta duk ya tashi. Na karɓi jikata, na ce mata ta nemo mayafi mai kyau, Juma'a muna da wani bikin a Salaga, kawunta zai yaye Razak.

Ta yi tsaye tana kallona. Ta ce, "Kawu Garuba? Da bakinsa?"

Na ce da bakinsa, a tsakiyar tashar Yendi, kuma ina wurin.