Haƙoran Rogo

Basira na goge jan zoɓo daga bakin ɗiyarta Rahina da gefen zane, sai mijinta Naziru ya ce a maimaita. Karo na shida ke nan. Rana ta fara zafi a gindin dutsen bayan gari, kuma yarinyar ta riga ta cinye haƙora biyu, domin da ɗanyen rogo aka fere su.

"Baban Rahina, yarinya ta gaji fa."

"Sau ɗaya ya rage, wallahi," in ji shi, idonsa na kan kamara.

Fim ne na ban dariya da shi da abokansa suke haɗawa. Wani mai shan jini ya zo daga ƙasar waje da ɗiyarsa, ya tarar yunwa ta busar da mutanen gari, duk wanda ya ciza sai ya ji kamar ya ciji karan dawa. Rahina, mai shekara shida, ita ce ɗiyar. Sati biyu da suka wuce Naziru ya saki wani guntu a waya don talla, inda Rahina ke cizon wuyan Ummu, ɗiyar maƙwabciyarsu Sahura, Ummu kuwa tana ta ƙyalƙyala dariya. Duk garin Dogon Dutsi an gani. Yaran lakkol, 'yan makarantarsu, suka fara kiran Rahina mayya. Basira ta faɗa masa tun ranar cewa a garin nan ba a wasa da wannan suna. Ya ce camfi ne, mai sallah ba ya tsoron camfi.

Ba a kai ga maimaitawar ba sai ga Inna Zalihatu, surukar Sahura, ta hauro da sanda, ba ko takalmi. Ba ta dubi Naziru ba. Gaban Basira ta tsaya.

"Ɗiyata, alfarma na zo nema. Ummu kwana uku jikinta wuta. Da safen nan ta sanƙare, da ta farfaɗo sunan Rahina take kira. Ki ara mini ita ta tsallake ta, ta sako mana kurwarta. Ba faɗa na zo yi ba. Na san yarinya ba ta san ta yi ba."

Basira ta san ka'idar tun tana ƙarama a garinsu Dumega. Wanda ake zargi da maita shi ake sa wa ya tsallake marar lafiya. In ya tsallaka aka warke, ya tabbata maye. In ya ƙi aka mutu, ya tabbata maye. Kuma sunan ba ya wankuwa, har jikoki yake bi. Ta tuna wata mata a garinsu da ta tsufa ba wanda ya taɓa sayen ƙosanta.

Naziru ya fara ɗaga murya. "Subhanallahi! Inna, wannan shirka ce! Zoɓo ne fa, rogo ne, ga shi nan ki taɓa!"

"Kai ka nuna wa duniya," in ji tsohuwa a hankali. "Ni mi na ƙara?"

Basira ta tura Rahina bayan ubanta. "Kai ta gida ka rufe ƙofa. Ko wa ya buga, kada ka buɗe." Sannan ta juya. "Inna, Rahina ba za ta tsallake kowa ba. Mu je in ga Ummu."

A ɗakin Sahura an turara hayaƙi har ido na yaji. Mata huɗu na zaune jikin bango, suka bi ta da ido da ta shigo. Basira ta durƙusa ta ja fatar idon yarinyar ƙasa. Fari fat. Tafin hannun ma kamar an wanke shi da toka. Ta taɓa ganin haka a jikin Rahina daminar bara.

"Sahura, masassarar sauro ce ta shanye mata jini. Tashi."

"Kin ji ko," wata ta ce daga jikin bango, "da bakinta ta ce an shanye."

Sahura na da cikin wata takwas, mijinta yana can Legas cirani. Ta dubi surukarta, ta dubi ɗiyarta, ta kasa motsi. Basira ba ta jira ba. Ta sungumi Ummu ta goya, ta fita bakin hanya ta tsayar da kabu-kabu.

A asibiti layi ya kai har ƙarƙashin bishiyoyi, amma da wata ma'aikaciyar jinya ta ga idon yarinyar sai ta shigar da su. Bayan awo ta fito tana cire safar hannu.

"Sai an ƙara mata jini yau, ba gobe ba. Irin nata ya ƙare mana. Ina dangi?"

Lokacin Sahura da Inna sun iso. Mai ciki ba ta bayarwa, tsohuwa ma haka. Basira ta miƙa hannu aka gwada, ya dace. Kafin ta kwanta ta tsaya ɗan jim, domin ta san bakin mutanen unguwarsu. Sai ta ji numfashin Ummu daga gadon gefe, yana fita da ƙyar kamar ana jan guga. Ta kwanta ta nannaɗe hannun riga.

Ana cikin ɗibar jinin Naziru ya kira ta a waya. Muryarsa ta sauya. Ya ce an jefo duwatsu biyu tsakar gida, Rahina na tambaya ko ita ta sa Ummu ciwo. Ya ce ya goge fim ɗin duka daga na'urarsa.

"Ka goge na wayoyin mutane ma?"



Wajen la'asar Ummu ta buɗe ido ta nemi ruwa. Leɓenta ya fara yin ja. Sahura ta kife kai a gefen gado tana kuka, amma ba ta yarda sun haɗa ido da Basira ba.

Basira ta fito tana dafa bango, jiri na ɗibar ta, auduga manne a gwiwar hannunta. A baranda matan unguwa sun taru da kwanonin abinci. Inna Zalihatu ta taso da ƙyar, ta kama hannayenta biyu, hawaye na bin tamojin fuskarta. Ba ƙiyayya ko kaɗan a idonta, kuma wannan ne ya fi tsorata Basira.

"Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Allah shi rufa miki asiri." Ta juya ga matan, ta ɗaga murya don kowa ya ji. "Ku shaida, kada wanda ya ƙara zagin su. Mutanen kirki ne. Abin da ɗiyarta ta sha, ga shi uwar ta maido."

Matan suka gyaɗa kai, suka ce amin. Ɗaya daga cikinsu ta janye ɗanta daga kan hanya don Basira ta wuce.

Basira ta bi ta tsakaninsu. Ta fita ƙofar asibiti, ta tsaya har jirin ya lafa. Sannan ta kira Naziru ta ce ya haɗa kayan Rahina, har da littattafan lakkol, ya tambayo mata ƙarfe nawa motar Yamai ke tashi da safe. Tana da ƙanwar uwa a can, a unguwar da ba wanda ya san su.

"Kwana nawa za ta yi?" ya tambaya.

"Ka sa mata har da kayan sanyi," in ji Basira.