Tayar Bayan Babur

A ƙasar Gadarif in ka ce babur, ba mai kawo mashin a ransa. Babur a bakin mutanen nan tarakta ce, ita da duk wani injin gas mai tuk-tuk. Mai ƙafa biyun da mutanen Kano ke ce wa babur, a nan sunansa motar, da ra a ƙarshe. Hausawan da aka haifa a nan haka suka tashi suka ji, haka suke faɗa ko a tsakiyar Hausarsu.

Jibrin ɗaya ne daga cikinsu. Wakili ne a wani mashru'u, gonar faddan dubu, wato wajen eka dubu, ta wani attajiri, tafiyar awa guda a mashin daga Hawata. Ƙanensa Cindo, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ke kan jangu, leburorin da ake kwasowa a lori daga kasuwar Gadarif lokacin yankan riɗi. Cindo mutum ne mai hannun kyauta da zuciya a kusa. Tun suna ƙanana Jibrin ke janye shi daga cikin faɗa, har ga shi gemu ya fito musu su biyun, aikin bai ƙare ba.

A kakar nan sun yi baƙo daga Gumel, Ɗahiru, ɗan kawunsu, wato taubashinsu. Shekara ashirin yana facin taya a bakin tasha, ya biyo hanya zai je Umra, ya tsaya wajen dangi ya huta. Sati uku ya yi a kambo, sansanin gonar, kuma ba ranar da shi da Jibrin ba su yi wa juna tsiya ba. Jibrin na ce masa bawana, shi kuma yana ce wa Jibrin Balaraben ƙarya.

Ranar da abin ya faru, Jibrin ya fita da ƙafa bayan asuba ya duba hafira, tafkin da suke sha. Kafin ya dawo lorin Gadarif ya biyo, Ɗahiru ya hau. Jibrin ya tarar da matarsa Lauratu a bayan zana tana zuba kisra, wainar dawa ta mutanen nan, hayaƙi na cin idonta.

“Abu Huseina,” ta ce da shi, “bawanka ya tafi, ya bar maka sallahu.”

“Me ya sata?”

“Ya ce in gaya maka kada ka hau babur sai an canza tayar baya. Ta hagu, in ji shi, ta cinye har zare ya leƙo.”

Abin da Ɗahiru ya faɗa daga bayan zanar shi ne gefen hagu na tayar baya. Amma Lauratu hannunta na kan wuta, ba ta ga abin da yake nunawa ba. Ta ji babur, ta san babur tayoyin baya biyu gare shi, sai maganar ta gyara kanta a bakinta.

“Ya ce ka sa ashana a ramin tayar,” ta ƙara. “In kan ashanar bai ɓuya ba, to taya ta gama aikinta, ba a jira sai ta fashe. Ya rantse ma.”

Jibrin ya ɗauki shayinsa ya taka zuwa inda tarakta take. Tayar baya ta hagu ta kai masa kafaɗa, haƙoranta kamar kunyar gona. Ya zura hannu a tsakaninsu har wuyan hannu. Ya kwashe da dariya, shayi na zuba.

“Cindo! Ta'al, zo ka ga ilimin Gumel. Wai ashana! Nan ko akwatin ashanar ka sa sai ka neme shi da fitila.”

Cindo na wasa laujensa a dutse, bai ko ɗago ba. “Yaya, taubashi ne. So yake ka kwance lafiyayyar taya, ya samu abin ba da labari a Makka.”

Mashin ɗin na jingine a gindin aduwa, taku goma daga inda suke, jarkar gas rataye a hagunsa kamar kullum. Ba wanda ya dube shi.

Riɗi ba ya jiran kowa. In ya nuna ba a yanke ba, ya fashe ya zube a tsagar ƙasa. In an yanke an tsayar da dammuna su bushe, ko akuya ta goge su sai ka ji tsaba na zuba kamar yayyafi. Makiyayan raƙuma kuwa su ma ba daga sama suka faɗo ba. Burtalin da kakanninsu ke bi zuwa kogin Rahad, taraktoci sun cinye shi faddan bayan faddan, sai mutum ya taso da dabba ɗari biyu masu ƙishirwa ya tarar hanyar bara ta zama gonar wani. Kowa da gaskiyarsa, kuma kowa da wuƙa a damtse.

Rana ta take tsaka aka ji kururuwa daga kusurwar gabas. Jibrin ya buga mashin. Kafin ya isa, raƙuma sun shiga cikin dammunan, aikin kwana shida na jangu sittin yana bin ƙasa. Ya hango Cindo a gaba, lauje a hannu, yana zage-zage da Larabci da Hausa a haɗe. Wani dogon makiyayi ya tare shi da sanda.

“Cindo! Halas! Ajiye!”

Ina. Sandar ta sauka a goshin Cindo, fata ta dare. Cindo ya kai sara daga ƙasa, laujen ya kama dogon nan a hammata ya fito ta damtse. Jini ya yi tsartuwa har kan dammuna. Daga nan wuri ya hargitse. Jangu suka afka da laujuna da itace, makiyaya suka zare takubba. Wani ya sare wa wata raƙuma agara, ta faɗi tana kuka ta danne mutum. Jibrin ya ga wani lebure na gudu riƙe da kunnensa a hannu. Ya ga wani gajeren makiyayi mai jan rawani, ɗan'uwan wanda aka sara, ya zagayo ta bayan Cindo ya cusa masa wuƙa a ƙarƙashin haƙarƙari, ya murɗa, ya zare.

Jibrin ya tura mashin cikin taron, ya banke mai jan rawanin da ƙafar gaba. Ya finciko Cindo ta wuyan riga. Jangu biyu suka ɗora masa shi a baya, ya warware rawaninsa ya toshe ramin da rabi, sauran ya ɗaure su biyun ƙirji da baya. Tarakta sai ta ci awa uku kafin Hawata. Jinin nan ba zai kai awa uku ba. Ya murɗa hannun mai.

Hanyar Hawata ba hanya ba ce, sawun lori ne da aka yi cikin laka da damina, rana ta gasa shi ya zama kamar ƙarfe. Jibrin ya san ta kamar yunwar cikinsa. Yana jin ɗumin jini na bin bayansa yana shiga wando.

“Yi magana, Cindo.”

“Yaya… riɗin…”

“Uwar riɗin. Riƙe ni.”

“Na sare shi sosai?”

“Rufe min baki. A'a, kar ka rufe. Karanto min Ƙulhuwallahu.”

Sun ci fiye da rabin hanya. Akwai wani kwari da ake gangarawa a karya hagu, gefensa cike da kututturen dawar bara. Jibrin bai rage gudu ba, ya kwantar da mashin hagu yadda ya saba, da nauyin mutum biyu da jarka a gefe guda. Sai ƙara kamar an harba bindiga a ƙarƙashinsu. Bayan mashin ya zame ya wuce gabansa. Ƙasa ta taso ta doke su.

Sun yi ta birgima a ɗaure da juna. Jibrin ya ji ƙashin kafaɗarsa ta hagu ya ce ƙas. Da ƙura ta lafa ya tarar salansa ta kwanta a kan ƙaurinsa tana soya nama. Ya ja ƙafar, fata ta tsaya a jikin ƙarfe. Ya kwance rawanin da haƙori da hannu ɗaya, ya juya Cindo. Toshin ya fita, ramin ya ƙara buɗewa. Ya mayar da tsumman ya danna da gwiwa.

Tayar baya na ta juyawa a iska a gaban fuskarsa, a hankali, kamar mai nuna masa kanta. Gefen dama zanenta ɓaro-ɓaro, sai ka ce jiya aka sayo ta. Gefen hagu sumul kamar tafin hannu, zare fari ya fito layi guda ya zagaye ta, a nan kututture ya farke ta tsawon taƙi. Wata biyu da suka wuce shi da kansa ya ɗame sarƙa, ya ja kusoshin gefe guda fiye da ɗayan, ƙafar ta karkace. Ya ƙara mata da jarkar gas ta kullum a hagu. Shi kuma ta hagu yake jingine mashin da bishiya ya zagayo ta dama, ta nan yake yi wa tayar kallon wucewa ya ga zane ya ce kwayis, lafiya lau.

“Babur,” ya ce. Bakinsa cike da ƙasa. “A Gumel wannan ne babur.”

Cindo ya buɗe ido. Ya ɗauki lokaci kafin maganar ta shige shi. Sai ya fara dariya, jini na fitowa da ita. “Bawanka… ya ci mu.”

A nan Jibrin ya ji sawun raƙumi. Mai jan rawani ne, shi kaɗai, ya biyo ƙurar mashin. Ya gurfanar da raƙumin a bakin kwarin, ya diro, takobi tsirara. Goshinsa a fashe inda ƙafar mashin ta same shi.

“Matsa, ya wakil,” ya ce da Larabci. “Ba da kai nake ba. Ɗan'uwana ya cika.”

“Allah ya jiƙansa. Ka riga ka rama, ya zol, bawan Allah. Dubi cikinsa.”

“Yana numfashi.”

Jibrin ya miƙe da ƙafa ɗaya da rabi. Hannun hagu na reto kamar ba nasa ba. Jarkar gas na kwance kusa da shi, murfin ya tsage tana zuba. Mutumin ya tako ya kai sara. Jibrin ya ɗaga jarkar ya tare, takobin ya raba ta, gas ya watsu a fuskokinsu su biyun. Makiyayin ya yi baya yana murza ido yana saran iska. Wani saran ya zaftare wa Jibrin naman cinya. Jibrin ya faɗa kansa da dukan nauyinsa, suka zube a kan mashin. Mutumin ya kafa masa haƙori a kumatu. Jibrin ya lalubo ƙarfen ɓare taya da ke ɗaure a ƙarƙashin sirdi, ya buga masa a wuyan hannu har takobin ya faɗi. Ya buga a gwiwa. Ya buga a muƙamuƙi, ya ji haƙora sun zube. Ya ɗaga zai ƙara a ka.

“Yaya,” in ji Cindo daga ƙasa. “Bar shi. Ɗaya ta isa.”

Jibrin ya tsaya da ƙarfen a sama yana haki. Shekara talatin shi ke faɗa wa Cindo wannan maganar. Ya jefar da ƙarfen.

Raƙumin na nan gurfane yana tuƙa, ko a jikinsa. Yadda Jibrin ya ɗora ƙato kamar Cindo a kan sirdi da hannu ɗaya, shi kansa bai iya faɗa ba daga baya. Ya hau gaba, ya sake ɗaure su da rawanin, ya ja ƙullin da haƙori sau uku. Raƙumi kuwa da baya yake fara tashi. Ya jefa su gaba, ya jefa su baya, Cindo ya yi wata ƙara da Jibrin bai taɓa jin irinta daga bakinsa ba.

“Saura kaɗan. Ka ji? Ga layin dogo can. In mun isa sai an ɗinke ka kamar buhu, ka kwanta Rabi'atu ta yi ta yi maka hidima, kana mulki. Ba abin da kake so ke nan ba?”

Rabi'atu matar Cindo ce, tana Hawata da tsohon ciki.

“Ce mata…”

“Ba na ɗaukar sallahu. Ka faɗa mata da bakinka.”

Kan Cindo ya kwanta a kafaɗarsa mai lafiya. Jibrin ya ci gaba da magana. Ya ba shi labarin ranar da suka saci kankana a bakin Rahad, mai gonar ya kama Cindo, shi Jibrin ya dawo ya ce shi ya aike shi, aka zane su tare. Ya zagi raƙumin, ya zagi Ɗahiru da Hausar Gumel, ya zagi kansa. Ya ce in an gama kaka za su sayi lori su bar gonar mutane.

Ana kiran la'asar suka shiga Hawata. Mutanen kasuwa suka dare, wasu suka biyo su a guje. A ƙofar asibiti wani ya kama akala ya gurfanar da raƙumin. Ma'aikacin jinya ya fito da mutum biyu da gadon ɗauka, ya sa hannu zai kwance rawanin. Ƙullin ya sha jini ya bushe, ya ƙi.

“A hankali,” in ji Jibrin. “Barci ya ɗauke shi. A ƙarƙashin haƙarƙari ne, ta dama. Ku fara da shi, ni nawa ba komai.”

Ma'aikacin ya ɗora yatsu biyu a wuyan Cindo. Ya daɗe. Ya ɗaga masa fatar ido ya saki. Sannan ya juya ya ce da na bayansa a mayar da gadon, a kawo wuƙa da mayafi.

Aka yanke rawanin. Nauyin ya bar bayan Jibrin, iska ta bugi jiƙaƙƙiyar rigarsa. Bai waiwaya ba. Yana zaune a kan raƙumin wani, akala a hannu, yana cewa, “Ku fara da shi.”