Ranar da Aka Sake wa Garin Saje Suna

Duk ƙasar Sandamu babu ƙauyen da lungunansa suka miƙe kamar na Garin Saje, domin sojoji ne suka yanka shi. Su bakwai suka dawo daga yaƙin Bama na zamanin Turawa, babbansu Saje Kabo ya roƙi hakimi ya ba su wani faƙo da ko akuya ba ta kiwo a kansa. Da taku suka auna layuka. Suka haƙa rijiya gaba ashirin, suka dasa dogonyaro a jere, suka kafa doka cewa kowane gida sai da masai. Shekarar da amai da gudawa ya share ƙauyukan kewaye, gawa biyu kawai Garin Saje ya fitar.

Shida sun riga mu gidan gaskiya. Saura Mainasara, ido ya tafi amma baki yana nan daram. Tsoronsa ɗaya a duniya, kada ya mutu da sunayen 'yan'uwansa a cikinsa.

Shi ya sa ya ji kamar an yi masa albishir da Aljanna ranar da Malam Abdulbaƙi, jikan Saje Kabo, ya zo da rakoda ya ce zai rubuta tarihin gari. Shekara biyu ke nan da ƙaddamar da Shari'a, kuma Abdulbaƙi yana neman kujera a kwamitinta. Kwana tara tsoho yana zuba, har muryarsa ta dishe. A na goma Abdulbaƙi ya kawo takarda.

"Baba, dangwala nan, shaida ce."

Soja ba ya tambayar abin da ke cikin takarda. Ya miƙa babban yatsa kamar yadda ya saba a wurin fansho.

Ranar taron ƙaddamar da tarihin, 'yarsa Rabi ta wanke masa kakinsa, ta maƙala masa lambobinsa uku na yaƙi, aka zaunar da shi a gaba. Abdulbaƙi ya karɓi lasifika ya fara karatu. Wai wani waliyyi, Malam Mahdi, shi ya fara yada zango a wurin, shi ya haƙa rijiyar. Daga baya ne waɗansu da suka yi wa Nasara bauta suka zo suka raɓa. Saboda haka daga yau sunan gari Darul Huda.

Mainasara ya karkata kunne yana jiran sunan Kabo, ko Kalilu, ko Auta wanda rijiyar ta rufta da shi a gaba na sha bakwai. Ko ɗaya ba a ambata ba.

"Kuma ba da ka muka faɗa ba," in ji Abdulbaƙi. "Dattijon garin nan, Baba Mainasara, shi ya tabbatar. Ga yatsansa."

Wuri ya ɗauki kabbara. Tsoho ya buɗe baki ya ce ƙarya ne, amma wa zai ji dishasshiyar murya cikin wannan sowa? Da bare ne ya yi masa haka da sauƙi, sai jinin Saje, yaron da ya yi wa huɗuba a kunne da bakinsa.

Abdulbaƙi ya durƙusa gabansa da ladabi, ya yi ƙasa da murya.

"Baba, za a ɗauki hoto da manyan baƙi. Don Allah a cire ƙarafunan nan."

Rabi ta kai hannu. Ya ture ta, ya dafe lambobin da tafinsa. Sai aka ɗaga shi da kujerar tasa, aka ajiye a bayan rumfa, aka ɗauki hoton.