Na Uku Daga Hagu

Umma ta ɗauke ƙafa daga kan keken ɗinki, domin in ana darasi ba a son ƙara. Tun da aka koma karatu daga gida, wayarta ta zama makarantar Auta. Kullum da safe yarinyar kan jingina ta da gwangwanin maɓallai, ta gyara zama, ta sha mur kamar wata shugabar taro.

Yayanta yana bayanta yana guga. Kwanan nan ya fara fitowa daga ɗaki, har yana tsokanarta.

"Farfesa, a gaishe min da 'yan ajin."

"Yaya, don Allah ka bari, ana jin ka fa!"

Ya yi dariya. Umma ta ji sanyi har cikin ranta, don ta daɗe tana jiran wannan dariyar.

Malamin ilimin zamantakewa yana da tsarinsa: ya buɗe shafin labarai a intanet, ya nuna wa yara a fuskar waya, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Mutumin kirki ne, sai dai ba ruwansa da ranar da aka buga labari. In dai kan labarin ya dace da darasi, shi ke nan.

"Yau a kan shaye-shaye za mu tattauna," in ji shi. "Ku dubi wannan."

Hoto ya cika wayar: samari a tsugune, an jera ƙwayoyi a gabansu. Umma ta leƙa. Ga ɗanta nan, na uku daga hagu, cikin rigar da ta ɗinka masa da hannunta.

* * *

Bara ne aka yi kame a bakin titi, aka haɗa da shi yana dawowa daga kai wa wata mata ɗinki. An ɗauki hotonsa tun kafin a tambayi sunansa. Da aka bincika ba a same shi da komai ba, aka sake shi. Kamun ya shiga labarai, sakin kuwa babu wanda ya ga ya isa a rubuta. Ya dawo ya shige ɗaki, ya daina ko zuwa ƙofar gida. Ita Auta, kwanakin da yake tsare, ce mata aka yi ya yi tafiya.

* * *

"Malam, a ɗaure su kada a sake su!" wani yaro ya faɗa.

"Babana ya ce laifin iyayensu ne, ba tarbiyya," in ji wata.

Umma ta so ta fizge wayar ta faɗa musu gaskiya, amma hannunta ya ƙi motsi. A bayan Auta, yayanta ya tsayar da guga.

"Ke mai farin ɗankwali," Malam ya ce da Auta, "ba mu ji ta bakinki ba."

Auta ta daɗe tana kallon hoton. Sannan idonta ya koma kusurwar wayar, inda fuskarta ke fita ga 'yan ajin. A saman kafaɗarta, ga fuskar yayanta ƙarara.

"Malam..." Muryarta ta yi ƙasa. "Ba su kyauta ba."

"Madalla, kin faɗi daidai," in ji Malam.

Ba ta waiwaya ba. Ta sa ɗan yatsa ta riƙa juya wayar a hankali, har sai da babu abin da ya rage a bayanta sai bango.

Yayanta ya ga lokacin da ta yi hakan. Ya zare dutsen guga daga wuta, ya ninke rigar da bai gama ba, ya shiga ɗaki. Ya ja ƙofar a hankali, don kada 'yan ajin su ji.