Tokar Merv a Layi na Huɗu

Ranar da gwamnati ta aiko a nuna wa 'yan kulob ɗin wasan gara ƙwallo taswirar sabon jirgin ƙarƙashin ƙasa, Noeleen ta sa fararen kayanta na wasa, ta ɗauki kek ɗin kwakwa ta nufi kulob. Shekara arba'in ta yi tana gara ƙwallo a ciyawar nan tare da mijinta Merv. Shekara uku ke nan tana garawa a kansa.

Shi ya bar wasiyya: idan an ƙona gawarsa, a zuba tokar a layi na huɗu na filin wasan, inda sau ɗaya tak ya taɓa cin kofi. Matsalar ita ce Lindsay, mai kula da ciyawar, mutumin da ya taɓa korar limamin coci saboda ya taka ta da takalmi. Dokarsa ba a zuba komai, balle mutum. Don haka Noeleen ta faki ido wata safiya, ta juye Merv daga gwangwanin biskit, ta yi gum da bakinta.

Injiniyar da ta zo mace ce mai ladabi. Ta ce a jirgin, daga nan zuwa bakin teku minti tara. Tsofaffin suka gyaɗa kai, don babu mai sauri a cikinsu. Sai ta nuna inda tashar za ta zauna, wani jan akwati a taswirar da ya haɗiye filin gaba ɗaya.

"Akwai wani abin tarihi a wurin da ya kamata mu sani?" in ji ta.

Noeleen ta dubi Lindsay, ta ɗaga hannu.

"'Yar nan, mijina yana ciki."

Sai Dulcie mai haɗa shayi ta ce ita ma nata yana layi na biyu, kusa da famfo. Hannuwa suka riƙa tashi. Da aka gama, mutum goma sha tara ne a ƙasa, har da kare ɗaya.

Injiniya ta ba da haƙuri, ta ce a doka toka ba kabari ba ce. Ƙasar kuwa motoci za su kwashe, a yi ciko da ita a tashar jiragen ruwa.

"Merv ko wanka bai so," in ji Noeleen.

Ba ta yi kuka a gabansu ba, amma abin ya ci ta ƙwarai. Washegari ta dawo da cokalin shuka da tukunyar fure, ta durƙusa a tsakiyar layi na huɗu. Ba ta kai ga soka cokalin ba ta ga inuwar Lindsay a kanta, shebur a hannunsa.

"Tashi, Noeleen."

"Ka kira 'yan sanda in ka ga dama."

"Ba nan yake ba. Ranar da kika zuba shi ana iska." Ya yi taku uku gabas, ya tsaya. "Ina cikin rumfa ina kallonki. Shekara uku ban sa wa wurin nan maganin ƙwari ba."

Ya kafa shebur a ciyawar da bai taɓa barin kowa ya taka da takalmi ba, ya yanko mata faifai guda, ya sa a tukunya. Sannan ya wuce layi na shida shi kaɗai, inda shi ma yake da nasa mamacin, ya cire hularsa, ya fara yankar wani.