Kara a Ƙasar da Ba a San Ta Ba

Ni dai ban taɓa son Manchester ba, kada in yi ƙarya. Gari ne da ruwan sama ba ya gajiya, ka shanya wanki ka dawo ka kwashe shi yana warin danshi. Amma a nan 'yata Hajo ta fara makaranta, kuma a nan maigidana Sunusi ya shafe shekara huɗu da ɗoriya yana aikin injiniya a wani kamfani da ke gyara wa hukumar gari magudanan ruwa. Ruwan da nake tsinewa kullum shi ne abincinmu.

Bizar da muke zaune da ita a hannun kamfanin take. Ƙa'idar ita ce mutum ya cika shekara biyar yana aiki a ƙarƙashin kamfanin da ya tsaya masa, sannan ya nemi takardar zama ta dindindin. Idan aikin ya yanke kafin nan, sai a ba ka ɗan gajeren wa'adi ka samo wani kamfanin da zai tsaya maka. In ba ka samu ba, ka tattara iyalinka ka bar musu ƙasarsu. Mu 'yan watanni suka rage mana, har na fara yi wa matan unguwarmu ta Longsight da suka zo bayanmu bayani kamar wata lauya.

Ana nan sai gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Hukumar gari ta rage kwangila, kamfani ya ce kujerun injiniya biyu na sashensu za su koma ɗaya. Mutum biyun su ne Sunusi da Alfred, kuma kowannensu zai sake zama a gaban manya a yi masa tambayoyi kamar sabon mai neman aiki.

Alfred dattijo ne, ya haura sittin, iyayensa daga Jamaica suka zo. Shi ya riƙe hannun Sunusi tun ranar farko, shi ya nuna masa yadda ƙarƙashin garin yake, har rigar sanyi ya ba shi a hunturunmu na farko. Sunusi Baba yake kiransa, a gabansa da bayan idonsa. Alfred ɗan ƙasa ne, gidan da yake ciki nasa ne, 'ya'yansa duk sun kama gabansu.

Na ce wa Sunusi, "Abban Hajo, ka je ka faɗa wa Baba Alfred maganar visa ɗin nan. Ka gaya masa idan aikin ya tafi, mu ma mun tafi."

Ya dube ni kamar na ce ya yi sata. "Haba, Ruƙayyatu! In je in roƙi dattijo ya bar min aikinsa? Da wane ido? Ai ya san ni baƙo ne, kuma mutum ne mai hankali."

"Ya san kai baƙo ne, amma ya san me ake nufi da sponsor, kamfanin da ke tsaya wa baƙo? Mutumin da bai taɓa bin layin neman biza a Home Office ba?"

"Ki bar wa Allah," in ji shi, ya ja takalminsa ya tafi masallaci.

Ranar tambayoyin ya dawo fuskarsa a sake, har ya nemi ƙarin tuwo. Na tambaye shi yadda aka yi. Ya ce sun tambaye shi me ya sa yake ganin shi ya dace da kujerar. Shi kuma ya ce musu gaskiya Alfred ya girme shi, ya fi shi sani, duk abin da ya iya a wurinsa ya koya, kuma sashen ba zai tafi daidai ba in babu shi.

Ludayin da ke hannuna na ajiye, don na ji zai iya tashi da kansa.

Kara ya yi. A wajenmu, in abu ɗaya ne mutum biyu ke so, ƙaramin ne zai janye ya ce babba ya ɗauka. Babban kuma zai duba wa ya fi buƙata, ya ce a'a, kai ne mai ƙananan yara, kai za ka ɗauka. Kowa ya tashi da mutuncinsa, abu kuma ya je inda ya kamata. Haka aka raba gonar mahaifinsu a Bichi ba tare da an ɗaga murya ba. Sunusi ya miƙa karar ne yana jiran a dawo masa da ita. Turawan da ke gabansa kuwa suka rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta, suka ba shi makin da ya dace da mutumin da ya ce wani ya fi shi.

Aka bar wa Alfred kujerar. Aka yi wa Sunusi ɗan taron ban kwana da kek da kati, Alfred ya rungume shi ya ce matashi mai ƙwazo irinsa ba zai yi mako biyu a gida ba. Sunusi ya yi masa godiya.

Daga nan aka shiga nema. Duk inda ya buga waya, hira na tafiya lafiya har a zo kan maganar biza, sai murya ta canza. Ƙarshe dai na kira Kawu Ɗanjuma, ƙanen mahaifiyata, wanda ke aikin akanta a Birmingham tun ina yarinya. Ya ce akwai wani ƙaramin kamfanin gine-gine da yake yi wa lissafi, suna neman injiniya, mu zo.

A cikin bas, tun daga Manchester har muka sauka, horo nake ba shi. "Ka ce ni na yi. Ban da mu, ban da Allah ya taimaka, wannan ka bar shi a zuciyarka. Ni, ni, ni." Yana maimaitawa kamar mai haɗiye magani, Hajo tana ta ƙyalƙyala dariya tana kwaikwayonsa.

Ya kuwa yi. Ya dawo gidan Kawu a unguwar Handsworth gumi ya jiƙa masa riga duk da sanyin da ake yi, ya ce bai taɓa jin kunya irin ta yau ba, amma mai kamfanin ya yaba da shi ƙwarai. Matar Kawu, Anti Batulu, ta rangaɗa guɗa a falo. Kafin a sauke abinci wayar Kawu ta yi ƙara, ya fita tsakar gida ya daɗe.

Da ya dawo bai zauna ba. "Sunusi, sai haƙuri. Mai kamfanin yana son ka, wallahi yana son ka. Amma ba shi da licence ɗin ɗaukar baƙi. Kafin ya nema a ba shi, sannan ya yi advertising aikin wa 'yan ƙasa tukuna, time ɗinka ya ƙare. Ya ce da kana da indefinite, takardar zama ta dindindin ɗin nan, gobe ma sai ka fara."

"Kawu," na ce, "ai aikin muke nema don mu samu indefinite ɗin."

"Na sani, 'yar nan. Na sani."

Anti Batulu ta ce ko Sunusi ya koma uni, wato jami'a. Kawu ya ce kuɗin makarantar baƙi ba na wasa ba ne, kuma shekarun aikin da ya tara za su tafi a banza. Ta rage murya ta ce ai akwai masu zama haka nan ba takarda. Sunusi ya ce shi ba zai yi renon 'yarsa yana ɓuya daga ƙwanƙwasa ƙofa ba. A wannan kam ban yi masa musu ba.

Muka koma Longsight muka fara sayar da kaya. Wasu ɗalibai 'yan Katsina da ke unguwar Rusholme suka kwashe kujeru da tukwane. Hajo ta daina magana da mu da Hausa gaba ɗaya, fushinta ke nan, sai Turancin nan nasu na Manchester da take yi ta hanci.

Wata Asabar da rana muna cikin ɗaure kwalaye aka buga ƙofa. Alfred ne, hularsa a hannu, ruwa na ɗiga daga kafaɗarsa. Ya kalli falon da babu komai, ya kalli Sunusi. Ya ce a ofis ya ji wai ƙasar za mu bari, shi kuwa duk zatonsa wani aikin Sunusi ya samu. Sunusi ya yi masa bayani a taƙaice, yana ta sassauta maganar kamar laifinsa yake faɗa.

Alfred ya nemi wurin zama bai samu ba, ya zauna a kan kwali. Da Turanci ya yi magana, a hankali. Ya ce shi fa ya riga ya yanke shawarar karɓar sallama ya yi ritaya, gwiwoyinsa sun gaji da shiga rami, har ya gaya wa matarsa. Sai manyan suka kira shi suka ce abokin aikinsa da bakinsa ya ce ba zai iya riƙe sashen ba in babu shi. Ya ɗauka Sunusi ba ya son kujerar, ya ɗauka yana da wata hanyar. Shi ya sa ya zauna.

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?" in ji shi. "Kalma ɗaya, ɗana. Kalma ɗaya!"

Ya ce Litinin zai je ya ajiye aikin. Sunusi ya gaya masa kamfani ya riga ya sanar da hukuma cewa ya daina tsaya mana, sai an sake komai daga farko, mu kuma mako mai zuwa jirginmu zai tashi. Dattijon ya rufe fuskarsa da hular.

Sunusi ne ya ɗaga shi, ya raka shi har tashar bas a cikin ruwa. Ta taga na hango shi yana dafa kafaɗar Alfred, yana ba shi haƙuri.

Da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa, ruwa na zuba daga gemunsa, ya daɗe bai cire takalmi ba. Sannan ya ce, "Ruƙayyatu, da na faɗa masa kawai."

Makonni na yi ina jiran wannan maganar, na tanadi amsoshi masu zafi da yawa. Da ta zo sai na ga babu abin da za ta dawo mana da shi, kuma tausayinsa ya kama ni har na kasa duban fuskarsa. Na miƙa masa salatif, muka ci gaba da ɗaure littattafan Hajo.